Sarƙa ta Huɗu a Motar Baba Babba

Duk wanda ya zo mana gaisuwa a Erdington, wata unguwa a Birmingham, sai da ya raɓa gefen motar kafin ya kai ƙofa, don farfajiyar gidan ba ta da faɗi. Tsohuwar a-kori-kura ce, fara, mai kujeru gaba da baya, da ɗaki ɗore a bayanta, irin ɗakin nan mai gado da murhu da 'yar taga da Turawa ke ɗorawa a mota su tafi shan iska. Sarƙoƙi huɗu ne ke riƙe ɗakin da jikin motar. Uku suna ɗaure. Ta huɗun, ta baya a hannun hagu, tana reto, ƙugiyarta na jan ƙasa. A gindinta aka sami Baba Babba, wan mahaifina, a kwance da safe, safar hannu ɗaya a hannunsa, ɗayar a ƙasa.

Matan zumunta na cocin su Baba da ke unguwar Aston su suka fara isowa, da kulolin shinkafa da masa da kunun gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu ta yi tuntuɓe da sarƙar, ta sunkuya za ta kawar da ita. Mama Babba, matar marigayin, tana zaune a falo, ban san yadda aka yi ta hango ba. Sai muka ji muryarta ta taga.

"Ajiye ta inda kika same ta."

"Mama, wani zai faɗi ne."

"Ya faɗi. Wanda ya fi shi ma a nan ya faɗi."

Daga ranar kowa tsallake ta yake yi.

Wani tsoho da suka yi tuƙin bas tare da Baba bai ma shigo gida ba. Ya tsaya a jikin motar yana dafa sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta huɗun sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Baturen da ke maƙwabtaka da su ya miƙo furanni ta kan shinge, ya ce yanzu ba shi da mai yi masa faɗa in ya ɗora tsani a kan motarsa.

Akwai kuma wani malami ɗan Kano, musulmi, da yake koyarwa a jami'a yanzu. Ya zo da matarsa, ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, ya haƙuri? Ashe Baba lokaci ya yi."

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗana. Ka zo."

Ya juyo gare mu ya ce, "Shekarar da na zo karatu, maganar flat ɗin haya da aka yi mini alkawari ta sha ruwa. Baba ya tsince ni a tashar bas da akwatina, ina rawar sanyi, ya kawo ni ɗakin nan na kan mota. Washegari ya ce, ɗana, ina kuke fuskanta in za ku yi salla? Na nuna masa. Sai ya tada mota, ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya a cikin 'yar farfajiyar nan, har tsawon ɗakin ya yi daidai da alƙibla, don sallayata ta sami wurin shimfiɗuwa. Haka motar ta zauna a karkace ta tare rabin ƙofa har na sami wurin zama."

Mama ta ce, "Ni na sha wuyar wucewa da kayan cefane ai."

Dariyar farko da aka yi a gidan ke nan, ba ta kuma daɗe ba. Don a bayana na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Wai ina jikan ne? Ban gan shi ba."

Jikan da take nufi ɗana ne. Shi kaɗai Allah ya ba ni. Magidanci ne yanzu, yana aikin gyaran wutar lantarki a Manchester, da matarsa da jaririyarsu. Bai zo gaisuwa ba. Bai iya taka farfajiyar nan ba, saboda maganar da ya faɗa wa Baba a gefen motar nan, wadda ita ce ta ƙarshe a tsakaninsu.

Ni ba mai yawan magana ba ce, karatun ma sai da na girma na koya a ajin yaƙi da jahilci na matan coci. Amma jikata za ta tashi ba ta san wannan tsoho ba, kuma abin da za ta fara ji a bakin mutane shi ne yadda suka rabu da ubanta. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda na san shi.

Ban san mahaifina ba. An yaye ni ke nan ya rasu. Baba Babba direban babbar mota ne a lokacin, yana ɗauko katako daga kudu zuwa Jos, mahaifina kuma, ƙaninsa, shi ne yaron motarsa. Wurin zamansa a baya ne, tsakanin kan mota da kaya. Rannan a wani gangare shanu suka ratso hanya, Baba ya taka birki. Mota ta tsaya, katako bai tsaya ba.

Igiya ko ɗaya ba ta tsinke ba. Wannan shi ne abin da ya ci ransa har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi ya ɗaure kayan da hannunsa, ya ja tamau, amma kowace igiya a tsaye sak ta sauko daga sama zuwa ƙasa. Da katakon ya zame, sai igiyoyin suka kwanta gaba tare da shi, suka raka shi.

A garinmu kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. Mahaifiyata ta koma wurin danginta ta yi wani aure, shi kuma ya ɗauke ni. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Mama, ni ce 'yarsu. Da Mama ta sami aikin jinya a Birmingham ya biyo ta, ya yi tuƙin bas har ƙarfinsa ya ja baya. Ni kuma daga baya aure ya kawo ni Manchester.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu: Baba ba mutum ne mai sauƙi ba. Bai iya yabo ba. In ka yi abu ya yi kyau har ya burge shi, iyakar abin da za ka samu shi ne, "Ba laifi." Na yi aure, na haihu, na binne miji, ban ji abin da ya wuce "ba laifi" daga bakinsa ba. Kuma ba ya iya ganin kaya a kan mota ya wuce. Na taɓa ganinsa ya bi wani mutum da bai sani ba a wurin ajiye motoci na wani babban kanti, mutumin ya ɗaure katifa a rufin mota, Baba yana ɗingishi yana kira, "My friend! My friend!" Mama ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce da ni, "Mu yi kamar ba tare muke ba." Sai da ya kwance katifar nan ya sake ɗaure ta, mutumin na tsaye da buɗaɗɗen baki.

Da ya ajiye aiki ne ya sayi a-kori-kurar da ɗakin. Burinsa wai wata rana zai tuƙa ta har gida, ya tsallaka ruwa, ya ratsa hamada, ya faka ta a ƙofar gidan ubansa. Yakan jero sunayen garuruwan da zai bi kamar ya taɓa kwana a cikinsu. Mama takan ce, "Gida dai a baki. Wales da ke nan kusa ma da ƙyar muka kai." Iyakarta ke nan kuwa: bakin teku da bazara, taron coci, sai hanyar Manchester.

Tafiya da shi sai mai haƙuri. Da an fita Birmingham an hau babbar hanya, wurin hutawa na farko zai ratse, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya sauka, ya zagaya motar, ya bugi kowace sarƙa da tafin hannu ya kasa kunne. Wai sarƙa sai ta ɗanɗani hanya take faɗin gaskiya. Mama na ciki tana mita: "Mutane na zuwa Manchester su dawo, mu muna nan muna gaisawa da ƙarfe."

Ɗana yana ɗan saurayi Baba ya fara koya masa. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsinke alayyaho, ina jin su.

"Ka taɓa jan akuya zuwa kasuwa?"

"Kaka, a Manchester aka haife ni fa."

"Asararre. To saurara. Akuya in ta ƙi tafiya ba ta tsayawa kamar soja a fareti. Ƙafafun gaba ta tura su gaba, na baya ta tura su baya, ta turje. Ja ta ka gani. Haka za ka yi wa sarƙa. Na gaba su sauko daga jikin ɗaki su nufi hancin mota. Na baya su sauko su nufi wutsiya. In ka taka birki, ɗaki ya so ya taho ya same ka a kujera, na baya su ce a'a. In kana hawan tudu, ko iska ta doke shi ya so ya zame ya bar ka, na gaba su ce a'a."

"In na ja su straight down fa, da ƙarfi sosai?"

"Ƙarfi ba shi ne ba. Sarƙar da ke tsaye sak, danna kaya ƙasa kawai ta sani. In kaya ya ce zai yi gaba, rakiya za ta yi masa."

"To in kwantar da ita sosai ke nan."

"Ka ji ka. In ta kwanta da yawa kuma ta daina danne shi, a kwana sai ɗaki ya ɗaga ƙafa. Ka san tsani? In ka miƙar da shi ya kifar da kai, in ka shimfiɗe shi ya zame da kai. Tsakiya ake nema. Kuma kada ka shaƙe ta. Jikin ɗakin nan katako ne, in ka matse, rami ɗaya a hanya ya isa ya tumɓuke zoben da ke riƙe sarƙar. Bar mata wurin numfashi."

A ranar ne, da bakinsa, ya ba yaron labarin mahaifina. Ni bai taɓa ba ni ba. Ya ba shi ne a tsaye, hannunsa a kan sarƙar baya, bai ɓoye komai ba, don yaron ya san abin da yake riƙe da shi. Amana ya ba shi.

Lokacin da maigidana ya kwanta ciwon ajali a asibitin da ke Oxford Road a Manchester, Baba bai tambaye ni ko ina bukatar wani abu ba. Sai ganin motar na yi a wani layi bayan asibitin. Ya zauna a nan har aka gama. In na fito, akwai kunu da zafinsa a kan murhu, akwai gado in miƙe bayana kafin in koma. Ranar da abin ya faru na fito na hau ɗakin. Baba ya zauna a bakin ƙofar ya ba ni baya, ya tare ta da jikinsa, don in yi kukana ba mai kallona. Daga nan shi ya zama uban ɗana kamar yadda ya zama nawa.

To ga yadda aka yi suka ɓata.

In sanyi ya shigo, Baba yakan sauke ɗakin ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa na ƙarfe, in sanyi ya yi sauƙi a mayar da shi kan mota. Bana ya yarda, karo na farko, zai ba ɗana motar ya kai matarsa da jaririya bakin teku. Yaron ya yi murna ƙwarai. Ya ga sarƙoƙin Baba sun yi tsatsa, sai ya sayo sababbi masu ƙyalli, ya zaɓi ranar da Mama za ta raka Baba wurin GP, likitansu na unguwa, wai kafin su dawo ya gama komai tsoho ya huta. Ni da surukata muna kicin. Shi kaɗai ya yi ta fama har ya ɗora ɗakin daidai. Sai dai sababbin sarƙoƙin gajeru ne. Ƙarfen da aka yi wa walda a gindin motar yana da huji fiye da ɗaya, na nesa shi ne na Baba, kuma ba su kai can ba. Sai ya maƙala kowace a hujin da ke ƙarƙashinta, a tsaye, ya murɗa har suka yi tauri kamar sanda.

Baba ya shigo farfajiya da sandarsa, ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Kaka. Surprise! Sababbi ne, ba sa tsatsa."

"Kwance."

"Taɓa ka ji mana. Ko motsi ba ya yi."

"Mota a fake, ko ƙwai ka ɗora ba zai motsa ba. Na ce kwance."

"Kaka, it's solid. Zan sayo dogaye in mun dawo."

"In kun dawo." Baba ya maimaita. Surukata ta fito da jaririya a kafaɗa, a gabanta ya ci gaba. "A haka za ka sa 'yar mutane da jinjira a gaban wannan kaya? Na ɗauka mutum na rena, ashe kututture na yi ta yi wa magana." Ya miƙa hannu ya fizge mukullin daga hannun yaron kamar yadda ake ƙwace wuƙa a hannun ƙaramin yaro.

Na ga fuskar ɗana ta sauya. Da da Turanci ya faɗi abin da ya faɗa, da wataƙila iska ta kwashe rabi. Amma sai ya nemo Hausar da tsohon nan ya koya masa, ya jera ta tsaf.

"Ba kowa ne zai kashe ɗan'uwansa a hanya ba, Kaka. Kai ne ka yi."

Ko motocin titi ban ƙara ji ba. Baba ya dube shi, ya dubi sarƙar, ya sa mukullin a aljihu.

"Haka ne," ya ce. Ya shige gida.

Na kira yaron, ya riga ya kai bakin titi.

Lahadin da ta biyo baya, Baba bai je coci ba. Mama ta ce abinci ma sai ta tsaya a kansa. Wata safiya mai sanyi ya sha shayi, ya sa safar hannu ya fita. Tana wanke kwanuka tana jin ƙarar sarƙa, ta gane yana cire sababbin yana mayar da tsofaffinsa. Ta ji ya bugi ta farko da tafi. Ta ji ta biyu. Ta ji ta uku. Ta daɗe tana jiran ta huɗu, sai ta share hannu ta leƙa.

Likitoci sun ce zuciya ce.

A ƙasar nan gawa takan jira kafin a ba da ita, mu ma muka jira. Mun binne shi a Birmingham, a cikin jar laka mai danƙo, ana yayyafi. Mutumin da ya haddace hanyar gida gari bayan gari. Samarin coci ne suka ɗauki akwatin. Ɗana yana can nesa a gindin wata bishiya, kafin a gama addu'a ya tafi. Fasto, da yake ya ji labarin sarƙoƙin, ya yi wa'azi mai daɗi a kansu, wai haka iyali suke, wani ya ja gaba wani ya ja baya don gida ya tsaya. Mutane suna ta amin. Mama ta sunkuyo kunnena ta ce, "Da yana nan da ya ce, Fasto, ni fa sarƙa nake faɗa."

Bayan binnewa abubuwa biyu suka taso mini. Gidan Erdington na council ne, wato hukumar gari, ga matakala, Mama kuma ba za ta iya zama ita kaɗai ba, sai muka shirya za ta dawo wurina a Manchester. Ta ce ba inda za ta ba tare da motar ba. Motar kuwa ba ta hawa babbar hanya da sarƙa uku. Tsohon abokin Baba ya ce zai ɗaure, malamin nan ɗan Kano ya ce zai kawo makaniki. Mama ta ce a'a.

"Wanda aka fara dominsa shi zai ƙarasa."

Na biyun ya fi nauyi. Surukata ta kira ni tana kuka. Ta ce ya daina zuwa aiki. Yakan fita da safe ya zauna cikin motar aikinsa a ƙofar gida har yamma. Ba ya ɗaukar jaririya, wai hannunsa ba shi da kyau. Hausa ma ya daina, ko ita ta yi masa, da Turanci yake amsawa. Na binne uba ban san shi ba, na binne miji, na binne wanda ya rene ni. Na ga wannan ma yana zamewa a gabana da ransa.

Na hau bas na je. Na same shi kuwa a cikin motar, gemu ya cika masa fuska. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Na dube shi na ce:

"Mama ta aiko ni."

"Mum, please."

"Ta ce ka zo ka ɗaure sarƙar."

"Get a garage to do it."

"Ta ce kai."

"I can't touch it. Ni na..."

"Ta ce in ba ka zo ba, a nan za ta zauna har council su fitar da ita da kujerarta. Ka san ta. In ba za ka iya ba, zo ka gaya mata da bakinka. Ni dai ba zan kai wannan saƙon ba."

Na ajiye masa kwanon abinci a kan kujera na fita.

Ranar tashi an gama kwashe kaya, gida ya zama kango. Mama ta sa aka fito mata da kujera ɗaya farfajiya, ta zauna a gefen motar, ta ɗora babbar rigar sanyin Baba a kan zaninta. Rana ta ɗaga, ba shi ba alamarsa. Na ce ta shiga daga ciki, sanyi. Ta ce nan ma ya yi.

Wajen azahar sai ga shi a ƙafa, daga tashar jirgi. Ya tsaya a bakin shinge kamar baƙo. Daga baya ya shigo, ya zube gabanta gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen siminti.

Mama ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Ba zan ce maka maganarka ba ta yi masa ciwo ba. Ta yi. Na kwana kusa da shi, na sani. Za ka ɗauki wannan, kamar yadda shi ma ya ɗauki nasa. Amma zuciyar nan ta daɗe tana ba shi wahala. Kuna cewa gwiwa ce ke kai shi wurin GP, shi ya ce in bar ku a haka."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Tashi ka buɗe ƙofar baya."

Ya tashi ya buɗe. A kujerar baya akwai kujerar jarirai, sabuwa, an ɗaure ta da bel tsaf.

"Washegarin faɗanku ya sa na raka shi ya sayo. Ya wanke zanin gado, ya cika gas. Na ce, wa kake wa wannan hidima, mutumin da ya zage ka? Ya ce, yaron nan ya yi wa matarsa alkawarin teku. Bai ce ya yafe ba, ka san bakinsa. Sarƙa ya fita ɗaurewa." Ta ciro mukullin daga aljihun rigar ta riƙe a cinyarta. "Ya yi uku. Ni ban iya ba, uwarka ba ta iya ba. Kai ya koya wa."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya hannun dama ya tsuguna ya dubi wadda Baba ya ɗaure, yadda ta sauko ta nufi baya. Ya dawo hagu, ya durƙusa daidai inda aka sami tsohon, ya ɗauki ƙugiyar. Sau biyu tana kuɓuce masa. Ya wuce hujin da ke kusa, ya kai ta na nesa, wanda bakinsa ya goge ya yi haske saboda shekarun da ƙugiya ta yi tana shiga. Ya murɗa ƙarfen ɗaurewa har ta miƙe. Ya tsaya, ya sassauta kaɗan. Sai ya buge ta da tafin hannu ya kasa kunne.

Mama ta karkata kai ita ma tana saurare.

"Ba laifi," ta ce. Ta miƙa masa mukullin.

Shi ya tuƙa. Mama a gaba, ni a baya kusa da kujerar jaririyar da ba kowa a ciki. Mun bar Erdington ba wanda ya waiwaya. Muna hawa babbar hanya ruwa ya sauko, manyan motoci na wuce mu suna watsa mana, ina jin iska na dukan ɗakin a bayana. A wani wuri motocin gaba suka tsaya ba zato, ya taka birki da ƙarfi har Mama ta dafa gabanta. Na riƙe numfashi ina jiran abin da ke bayan kaina. Sarƙa ta yi ƙara sau ɗaya, ɗakin bai taho ba.

Ba wanda ya ce masa komai, amma da muka kai wurin hutawa na farko sai ya ratse. Ya sauka cikin ruwan, ba lema. Ina kallonsa ta gilashi yana zagayawa, yana bugun kowace. Da ya zo kan ta baya ta hagu ya tsuguna ya ƙara mata murɗi kaɗan. Bai tashi ba. Ya jingina goshinsa da jikin ɗakin, kafaɗunsa na girgiza, ruwa na zuba a bayansa.

Na kama marfin ƙofa zan fita. Mama ta miƙo hannu baya ta riƙe ni.

"Bar shi. Kakansa ma a ta baya yake daɗewa."

Muka zauna muna jira, kamar yadda muka saba jira.

Da ya dawo ya zauna, jikinsa sharkaf, ya share fuska da hannun riga, ya dubi Mama.

"Kaka, ta ɗan saki," ya ce, da Hausa. "Na gyara."

"To mu tafi."

Motar tana ƙofar gidana yanzu. Ba ta ga hamada ba, ba kuma za ta gani ba. Baba Babba yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, maganar da aka faɗa masa kuma ba ta komawa baki. Ɗana ya koma aiki, yana ɗaukar 'yarsa, amma dariyarsa ba ta dawo ba tukuna, ban kuma san ranar dawowarta ba.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Ya sauke maka kayan da ka ɗauka tun daga gangaren nan, ya haɗa ka da ƙaninka cikin salama. An ɗaure ta huɗun. Mun iso lafiya.